Saiwar da Ba Ta da Ƙamshi

Sufeto Tikaram Subba ya isa ƙauyen da hakinsa, bayan hawan tsauni daga garin Phidim. Ya tarar da gawar wani magidanci, Harka, a tsakar gida, kofon giyar tamba na gefenta. Maƙwabta sun riga sun yanke hukunci cewa matarsa Numa ce ta sa masa guba.

Uwar mamacin, Sancharani, ita ke haɗa marcha, ƙullin da ake tayar da giya da shi, wanda ake daka wata saiwa a ciki. A irin gidajen nan matar ɗa ake koya wa sirrin haɗin, ba 'ya ba. Tsohuwar ta rantse cewa Numa ce ta haƙo saiwar bana.

Numa ta musanta. Ta ce tun da aka kawo ta gidan ko turmin ba a bari ta taɓa ba.

Sufeto ya leƙa turmin, ya shinshina ragowar saiwar. A gidan masu marcha ya tashi, ya san saiwar luinche, icen da ake haɗin da shi, ƙamshin man zafi gare ta. Wannan kuwa sai warin ƙasa. Ya fara zargin abin da ba ya so.

Ya gangara bakin rafi ya karyo reshen luinche: fure rawaya mai reto, fiffike biyu a gefe, ɗan tukku a baki. Ya haɗo da reshen wani ice daban, ya ajiye su gaban tsohuwar.

"Inna, wanne ne naki?"

Ta ɗura taba a hanci, ta miƙa hannu tana lalube. Hannun ya wuce rassan duka, ya sauka a kan takalminsa.

"Tun yaushe idon ya tafi?"

Ta janye hannunta.

"Tun bara. Hancin ma taba ta cinye shi. Da na faɗa, sai su karɓe turmin su ba yarinyar nan, ni kuma in zama me a gidan? Na ɗauka ƙafata ta san wurin icen, ashe saiwar dafi na haƙo."

"Shi ne kika ɗora mata?"

"Ɗana na kashe, ɗan nan. Bakina ya kasa faɗa."

Sufeto bai ciro ankwa ba, tausayi ya hana shi. Sai dai hanyar gangara ce mai santsi, kuma duk ƙauyen ba wanda ya matso ya yi wa tsohuwar jagora. Numa ce ta tashi daga gefen gawar mijinta, ta kama hannun tsohuwar, ta ja ta har caji ofis.