Shatin Filaya a Jikin Noti

Auta ta gama shafa wa Baba man zafi a wuyan hannu, ta naɗe masa bandeji, ta koma bakin ƙofa ta zauna. Ta gaji, gajiyar zaman da ba ta san ranar ƙarewarsa ba. Jinya ta zo yi gidan iyayenta, sai ga shi jinyar tana neman cinye mata aure.

"Baba, hannun ai ya yi sauƙi. Ko in leƙa ɗakina gobe?"

"Wane ɗaki? Na mutumin da ya kusa kashe ubanki? Zauna inda kike."

Mijinta Dogo bakaniken babura ne. Baba kuwa tela ne, kuma tsohon babur ɗin da yake zuwa shago da shi ne ya jawo komai. Injin ya fara kacau-kacau, Dogo ya zo har gida ya tsuguna a gabansa. Sarkar cikin inji ce ta saki, wadda kanikawa ke kira taimin cen. Ya sassauta noti, ya riƙa murɗa sukuru a hankali, kunnensa a jikin inji. Da ƙarar ta kwanta sai ya mayar da shi baya kaɗan, ya ɗaure. Duk abin da kunyar suruki ta bar shi ya faɗa shi ne, "An gyara, Baba."

Ba a jima ba sarkar ta tsinke a kan titi, injin ya cije, Baba ya sha ƙasa. Tun daga ranar ba wanda bai ji cewa Dogo ya yi wa surukinsa aikin ganin dama ba.

Neman almakashi ne ya kai Auta durowar keken ɗinkin da ke gida, sai ta ci karo da filaya, bakinta duk baƙin mai. Nan take ta gane. Ta san ubanta sarai: mutum ne da ba ya ƙaunar ƙara. Ko bel ɗin keke ya yi ɗan motsi, sai ya matse shi har ya yi tsit.

Da Dogo ya zo gaisuwa, aka bar shi tsaye a ƙofar gida kamar kullum, ta fita ta same shi.

"Baba ne ya taɓa babur ɗin bayanka. Na ga filayar."

"Na sani," ya ce. "Na ga shatinta a jikin noti tun ranar da aka turo shi gida. Na bar wa sarkar ɗan sarari, shi kuma ya ji sauran ƙara ya ƙarasa matsewa."

"Ka sani ka yi shiru? Ni ina nan ina ƙonewa, kai kana—"

"In ƙaryata shi a gaban 'ya'yansa? Sori, Auta, ba zan iya ba. Ki ƙara haƙuri."

"Haƙurin ne ya ƙare mini."

Ta juya ciki tana share hawaye da bakin mayafi, tana jin haushinsa, tana kuma jin sonsa ya ƙaru, abin da ya ƙara ba ta haushi.

Yayanta ne ya kawo ƙarshen zancen ba da niyya ba. Ya ɗauko wani tsohon bakanike don a buɗe injin a tsakar gida, a kira Dogo ya ga ɓarnarsa da idonsa, daga nan a san matsayin auren. Auta tana raɓe a jikin bango.

Tsohon ya zaro guntun sarkar, ya shafa robar da take bi a kai, wadda ta cinye har ƙarfe. Ya girgiza kai.

"An shaƙe ta ne. Sarkar nan idan ta saki tana ƙara, idan aka matse ta da yawa sai ta ci kanta. Kuma dubi notin nan, filaya aka sa masa. Wane bakanike ne zai bar sufana ya kama filaya? Wa ya taɓa shi?"

Yaya ya dubi Dogo. Dogo bai dubi kowa ba.

"A bar shi a kaina," ya ce. "Ni na yi gyara ban tsaya na yi bayani ba. Zan haɗa injin da hannuna."

Baba ya daɗe yana kallon bandejin hannunsa. Da ya buɗe baki, muryarsa ta yi ƙasa yadda Auta ba ta taɓa ji ba.

"Ni ne. Na ji yana ɗan ƙara, na ce yaron nan bai ƙarasa aiki ba." Ya ɗago ya dubi Dogo. "Kuma ka sani, duk tsayuwar nan da kake yi a ƙofa?"

Dogo ya gyaɗa kai. Baba ya juya wajen 'yarsa.

"Auta, haɗa kayanki. Ke ma na matse ki har kin daina magana a gidan nan, ni kuma ina ganin lafiya ce."

Ba ta yi tsalle ba, ƙarfin bai kai ba. Ta shiga ɗaki ta zauna a bakin gado ta yi kukan da ta daɗe tana haɗiyewa, sannan ta ninke kayanta.

Mutumin da ya rufa wa babba asiri alhali gaskiya na hannunsa, ba ya taɓewa, ko da an daɗe. Iyaye kuma su sani, abin da kake so ba a matse shi har sai ya yi tsit.

Da yamma Dogo ya turo mataccen babur ɗin zuwa garejinsa, Auta tana biye da jakarta a kai. A bakin ƙofa Baba ya miƙa masa filayar.

"Tafi da ita, ɗana. Kada in sake ganinta a gidan nan."