Farfesun Jego a Bakin Ƙofa

"Na ce ba zan sha ba, Eben! Ɗauke min kwanon nan daga gabana!"

Ebenezer ya tsaya riƙe da kwano, idanunsa jawur saboda hayaƙin gawayi. Tun da gari ya waye yake fama a kicin, waya a hannu ɗaya, ludayi a ɗayan, wai shi a dole sai ya koyi farfesun doya irin na Ibo daga bidiyo.

"Haba Ify... ko cokali ɗaya ne. Dubi girman Allah, ki dubi yaron nan."

Ifeoma ta karɓa ta kurɓa, nan take ta yamutsa fuska. Ɗaci kamar maɗaci! Bawan Allah ya daka kimba ne har da 'ya'yanta, bai san fasa ta ake yi a zubar da su ba. Ta so ta yi dariya, sai kuka ya riga dariyar fitowa.

"Yi haƙuri masoyiyata, zan sake wani..."

"Ko ka sake sau ɗari ba zai yi ba. Na Mamana nake so."

Ruwan marka ya yi kwana da kwanaki yana zuba a unguwar Kamazou, sanyi ya shige har cikin ƙashi, ga ta da ɗanyen jego, ko cibiyar jaririn ba ta faɗi ba. Surukarta Mama Celina ba ta rage ta da komai ba, daga ruwan wanka mai zafi har paten acca. Amma a wajen Ibo, idan mace ta haihu uwarta ce ke tattaro kayanta ta tare a gidanta, su ce omugwo. Abin da take fara ɗorawa a wuta kuwa shi ne farfesun doya da busasshen kifi, mai yajin da zai kori sanyi ya gyara cikin mai jego. Wadda ba ta samu wannan ba, ko dai marainiya ce, ko kuwa an yafe ta.

Ita kuwa Ifeoma uwarta na nan da ranta a unguwar Kakuri cikin garin nan. Matsalar mahaifinta ce, Oga Cyril makanike, mutumin da taurin kansa ya fi na ƙarfen da yake kwancewa. Cewa ya yi 'yarsa ta fari ba za ta auri wanda ba Ibo ba, ko da kuwa coci ɗaya suke zuwa. Aka roƙe shi har aka gaji, aka ɗaura auren ba shi. Da labarin haihuwa ya iso, sai ya gaya wa matarsa Ozioma cewa ranar da ta taka gidan 'yar tasa, ta wuce da akwatinta gaba ɗaya.

Ifeoma ta share hawaye, ta miƙe tana dafa bango.

"Nemo mana keke mai ƙafa uku."

"Keke kuma? Zuwa ina cikin ruwan nan?"

"Kakuri."

Mama Celina ta leƙo da sauri tana tafa hannu. "'Yata, kina cikin hankalinki kuwa? Ina aka taɓa ganin mai jego a kan titi?"

"Mama, ki gafarce ni. Kin yi min abin da ba zan iya biyan ki ba. Amma idan na yi shiru yau, yaron nan zai tashi bai san yana da dangin uwa ba."

Tsohuwar ta dubi jaririn. Can ta kwance zanen da ta yafa, ta naɗe jaririn da shi a kan tawul, ta toshe wa Ifeoma kunnuwa da auduga.

"Allah ya shirye ki. Kai kuma ka riƙe min su da kyau!"

Da suka isa Kakuri, Ifeoma ta tarar da Oga Cyril a falo, ruwa ya hana shi fita gareji, yana zaune da rigar sanyi da rediyo a gefe. Ebenezer ya tsaya daga bakin get, don ya san matsayinsa a gidan. Ozioma na ganin 'yarta ta saki tsintsiyar hannunta ta ƙwalla ƙara.

"Ada m, 'yata ta fari! Ke ce cikin ruwan nan? Wayyo Allah!"

"Papa, ina kwana."

Ko ɗaga kai bai yi ba. "Ba ni da 'ya a Kamazou."

"To ga ni a Kakuri. Abin da ya kawo ni ɗaya ne, farfesun uwata. In na sha zan tafi."

"A gidan nan? Babu tukunyar da za ta hau wuta saboda ke! Ki je dangin mijinki su dafa miki, ai su kika zaɓa."

Maganar ta soke ta har zuciya. Amma barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, taurin kan nan a wajensa ta gado shi. Ta gyara riƙon jaririnta.

"Shi ke nan Papa, gidanka ne. Amma titi ba naka ba ne."

Ta juya ta fita. A jikin katangar gidan akwai rumfar kwano ta Dije mai ƙosai, maƙwabciyarsu tun Ifeoma na goye. Nan ta samu benci ta zauna, iska na kaɗo mata feshin ruwa.

"Ify, don Allah mu koma gida," in ji Ebenezer. "Ni ake ƙi, ba ke ba. Kar ki kashe min kanki a kaina."

"Zauna kusa da ni, mijina. Ba inda za ni."

A cikin gida kuwa sai aka ji ƙarar tukwane. Ozioma, matar da unguwa ba ta taɓa jin ta ɗaga wa mijinta murya ba, ta fito da tukunya a ka, doya a hammata, ƙullin kayan yaji a hannu. Ashe tun cikin 'yarta na ƙarami take tara su a ɓoye.

"Ozioma! In kika tsallake ƙofar nan..."

Ta waiwayo ta dube shi ido cikin ido.

"Papa Ifeoma, kai rantsuwa ka yi, ni naƙuda na yi. Akwatina na nan a ƙarƙashin gado, in ka ga dama ka fito min da shi."

Dije ba ta tambayi ba'asi ba. Ta sauke kaskon ƙosanta, ta ƙara gawayi a murhu, ta hau fifita.

"Maman Ifeoma, ga wuta. Yau ko ƙosai ɗaya ban sayar ba, ba komai!"

Ozioma ta fere doya ta yanka manya-manya, ta zuba a ruwa. Ta wanke busasshen kifi da ruwan zafi, ta cire ƙaya. Ta ɗora kimba a kan garwashi har ta fara ƙamshi, sannan ta dubi dogon saurayin da ke tsaye yana rarraba ido. Wannan ne karo na farko da ta tsaya kusa da mijin 'yarta.

"Zo nan, ɗana. Ka iya daka?"

"Na iya, Mama... sai dai yau da safe na yi ɓarna."

Da ta ji abin da ya aikata, dariya ta kama ta har da riƙe ciki, hawaye na bin kumatunta. Ta nuna masa yadda ake fasa kimbar a karkaɗe 'ya'yan, ta haɗa masa da masoro da attaruhu a turmin Dije. Ya daka da ƙarfinsa duka kamar wanda za a ba takardar shaida. Rumfar na yoyo daidai kan murhu, don haka da ya gama sai ya buɗe lema a kan tukunyar, shi kuma ruwa na sauka a bayansa.

Kafin doya ta yi laushi ƙamshi ya cika layin. Ozioma ta yayyanka ganyen ɗaɗɗoya ta watsa a kai. Mata suka fara leƙowa daga gidaje, masu wucewa suka rage sauri, kowa na tambayar me ya fito da mai jego bakin titi. Dije kuwa ba ta da sakata a baki, duk wanda ya tambaya sai ta nuna masa tagar Oga Cyril da haɓa.

Ifeoma na ganin labulen tagar yana motsi. Haƙoranta sun fara haɗuwa don sanyi, bayanta na ciwo, tsoro ya fara shigar ta, kar dai garin neman gira ta rasa ido. Ta ƙara ƙanƙame yaron a ƙirjinta. Shi kuwa ya yi wata 'yar atishawa, sannan ya tsanyara kuka.

Get ya buɗe da ƙarfi. Sai ga Oga Cyril ba ko takalmi, da bargon gadonsa a hannu.

"Dukanku ba ku da hankali! Wa ya ce a fito da jariri cikin wannan sanyi? Ba ni shi nan!"

Ya karɓe yaron ya lulluɓe, ya manna shi a jikinsa. Ya buɗe gefen bargon kaɗan ya leƙa fuskar, sai ya daina faɗan. Ya yi gyaran murya.

"Tashi ki shiga ciki."

"Ba zan shiga ba, Papa."

"Ke! Me kuma kike so?"

"Da mijina na zo. In ba zai shiga ba, a nan zan sha, a nan zan kwana."

Oga Cyril ya dubi 'yarsa, leɓɓanta sun yi fari amma idonta ko gezau. Ya dubi matarsa, ta ci gaba da juya miyarta kamar ba ta san yana wurin ba. Sannan ya juya ga Ebenezer, wanda ya jiƙe sharkaf tun daga kai har ƙafa, har yanzu lemarsa na kan tukunya.

"Kai kuma ka tsaya min kamar turken lantarki? Ɗauko tukunyar nan ka biyo ni. Ka bi a hankali, dakalin akwai santsi."

A falo Ozioma ta cika kwano ta miƙa wa 'yarta da hannu biyu. Ifeoma ta kurɓi romon, yajin ya ratsa ta tun daga harshe har tafin ƙafa, gumi ya karyo mata a goshi. Ta sha tana kuka, ba ta ko damu ta share ba.

Ebenezer ya raɓe a bakin ƙofa, ruwa na ɗiga daga wandonsa, bai san ko an yarda ya zauna ba. Oga Cyril na jijjiga jikansa, bai dubi kowa ba ya ɗaga murya.

"Ozioma, wai ke ba ki da ido ne? Ki zuba wa surukina mana, sanyi zai kama shi!"