Uwarsa Ta Ɓoye

Kwanaki ke nan ina yawo da wata magana a bakina, na kasa haɗiye ta, na kasa tofar da ita. In na hau keken ɗinki sai in ga na ɗinke hannun riga a baibai. Jiya har wata mai kaya ta ce, "Maman Auta, ko ido ne ya fara?" Na ce mata ido ne. Ba ido ba ne. Ni ban yi dogon karatu ba, ku yi haƙuri da rubutuna, amma ba ni da wanda zan faɗa wa, shi ya sa na kawo muku.

Mu biyu ne a gidan, ni da 'yata Auta. Yayanta yana aiki a nesa, sai dai waya. Babansu direban babbar mota ne, ya rasu bara, Allah ya ji ƙansa. Ranar rasuwar dangina sun cika gida har bakin titi. Daga ɓangarensa kuwa mutum ɗaya ce ta zo, Goggo, ƙanwar mahaifinsa da suke uba ɗaya, tsohuwa tukuf, ta zauna a kusurwa da sandarta ba wanda ya san ta. Da mutane suka watse Auta ta dube ni ta ce, "Umma, shi Baba daga sama ya faɗo ne?"

Daga nan abin ya shiga ranta. Tana aiki a shagon da ake buga takardu, to sai ta kawo wani babban kwali fari ta manna a bangon ɗakinta, ta zazzana gidaje da layuka, kowane gida na sunan mutum ɗaya daga dangin babanta. Duk ranar hutunta tana kan hanya. Ta je ɗakin ajiyar takardun asibiti, ta je wajen magatakardan kotu, ta je wajen mai gadin maƙabarta, ta dawo da ƙura a gira tana atishawa. Sunayen maza ta same su, uban wane, uban wane. Amma matar da ta haifi kakanta, wato mahaifin mijina, ba ta ko'ina. A wata takarda gara ta cinye daidai wurin sunan. A wata kuma mai rubutun layi kawai ya ja. Na ce mata, "Ke da gara kuke neman mace ɗaya, ta riga ki." Ta yi dariya, amma gidan nan da ba komai a cikinsa shi take kallo kafin ta kwanta.

Sai ta je wajen Goggo. Abin da tsohuwar ta faɗa mata, sai daga baya na ji shi yadda yake. Cewa ta yi, "Ai shi Yaya uwarsa biyu, ta fili da ta ɓoye. Ta filin a wajen haihuwarsa ta rasu, ba a haife ni ba, ban san sunanta ba. Ta ɓoyen kuwa ba a faɗa." Daga nan gyangyaɗi ya ɗauke ta.

Da a ce Auta ta kawo mini maganar yadda Goggo ta faɗe ta, da na gane, don ko ni da ban yi karatu ba na san su wa ake kira mutanen ɓoye. Amma ta shigo ne ranta a ɓace, ta jefar da jaka ta ce, "Umma, ashe akwai wata mata da suka ɓoye. Ta raini yaro ta gama, aka shafe ta kamar ba a yi ta ba." Ina kan keke, zare a bakina, na ce Allah sarki. Ta ɗauki biro ta ƙara gida na biyu kusa da na farko.

Ranar hutunta ta gaba ta nemo tsohon gidan su kakanta a can ƙarshen gari. Ta ce rufin ya rufta, ciyawa ta kai ƙugu, sai wata rijiya a tsakar gida da aka rufe da ruɓaɓɓen katako. Tana ba ni labari tana dariya. Wai da rana ta yi ja za ta taho, sai ta ji tausayi ya kama ta, ta tsaya ta ce, "Kaka, ko ke wace ce, na yi miki wuri a gidanmu. Ki zo." Na ce, "Ke dai ba ki da aikin yi." Muka ci abinci.

Washegari da almuru ina kwashe shanya. Unguwar ta yi tsit irin na lokacin da kowa ya shige, hasken ya zama ba rana ba dare. Sai na ji ƙwas a kan kwanon rufi. Na tsaya. Sai wani ƙwas, ya gangaro a hankali, ya faɗo gaban ƙafata. Ɗan dutse ne ƙarami, sumul. Da na ɗauka sai na ji shi jiƙe, da sanyi, da gansakuka kore a jikinsa, alhali rabonmu da ruwan sama an daɗe.

Haka ya riƙa yi kullum in rana ta faɗi. Ba jifan faɗa ba ne. Ɗaya, sai a jira, sai ɗaya, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa yana jin nauyin masu gida. Makanike maƙwabcinmu ya hau da tsani ya duba, ya sauko ya ce, "Hajiya, ba kowa, sai dai in tsuntsaye ne suka fara gini da dutse." Ya yi dariyarsa, amma na ga ya goge hannunsa a wando ya fi sau nawa, kuma bai sake tambayata ba.

Auta ta rage magana. Ta daina taɓa waya. In ta dawo aiki sai ta shige ɗaki ta zauna a ƙasa tana fuskantar kwalin. Wata magariba na idar da salla na ji ana rarrashin jariri a gidana. Ba kalmomi, gunji ne kawai a maƙogwaro, a hankali, irin na tsohuwar da ta gaji. Na tura ƙofar. Tana tsaye a tsakiyar ɗaki, ta ɗaura zani a ƙirji kamar mai goyo, ta ɗan sunkuya, hannunta a baya tana bubbuga abin da babu.

Na ce, "Auta?"

Ta juyo a hankali. Fuskar 'yata ce, amma kallon ba nata ba ne. Ta ce, "Matar jikana, na zo gidanki tun yaushe, ba ki gaishe ni ba."

Ban san yadda aka yi na ce "Sannu da zuwa" ba. Wallahi bakina ne ya faɗa da kansa. Ta gyaɗa kai ta ci gaba da jijjiga.

Da safe na je wajen malamin da ke karantarwa a masallacin bayan kasuwa, dattijo ne mai tabarau, ba ya ɗaga murya. Ya saurare ni har na gama, ya sa na kira Goggo a wayar maƙwabtanta, a nan ne na ji maganar da bakinta. Malam ya cire tabarau ya ce, "Ta ɓoye. Yarinya ta yi karatu, ta ɗauka matar sirri ce." Ya ce zai zo bayan la'asar.

Ya zo da ruwa a gora. Ya sa na zauna a bayan Auta na riƙe kafaɗunta, shi kuma ya zauna daga bakin ƙofa ya fara karatu. An daɗe ba abin da ya motsa. Inuwar taga ta yi tsawo a kan siminti. Can sai na ji jikinta ya yi sanyi a hannuna, ya yi nauyi, kamar na riƙe tulu.

"Ya isa, Malam," in ji wata tsohuwar murya daga bakin Auta. "Kana ƙona ni, ni kuwa ban yi ɓarna ba."

"Wace ce ke?"

"Kakarsu ce."

"Ba ki haife su ba."

"Ban haifa ba. Na goya." Sannan ta ci gaba, a hankali, tana jan numfashi. Ta ce uwar yaron ta rasu aka bar shi a ɗaki, uban ya fita nema tun asuba, matar da aka ba ta kula da shi kuma ba ta da lokacinsa. Yana kuka har muryarsa ta dushe. Ita tana cikin rijiya tana ji. Ta ce ta daure, ta daure, ta kasa. "Na fito na ɗauke shi. In an shigo a same shi yana dariya shi kaɗai, a ce yaro mai haƙuri. Ni ce haƙurin. Da ya girma ya ɗauki jakarsa ya fita, ko waiwaye. Gidan ya watse. Ina zaune ina jin katako yana ruɓewa a kaina. Ba wanda ya ƙara buɗe baki a gidan nan, sai ita. Ta ce kaka. Ta ce in zo. Ni ba kutse na yi ba, Malam, kirana aka yi."

Malam ya ce, "In kin yi alheri, yana wajen Allah, ba ya ɓata. Amma jikin nan ba naki ba ne. Ki fita."

"To a bar mini gidan da ta zana."

"Ba a sa wanda ba na jini ba a cikin jini."

"Bayan ƙofa ma ya ishe ni. Ba na ci, ba na sha. In ji motsin mutane kawai."

"A'a."

Sai muryar ta canza, ta yi laushi, irin ta mai talla. "To mu yi ciniki. Abin da yarinyar take nema har takalminta ya cinye, yana wajena. Na san sunan wadda ta haife shi. Ina ji ana kiranta in ta zo ɗiban ruwa. Duk duniya ba wanda ya rage da ya sani sai ni."

Na ƙara damƙe kafaɗun Auta. Malam ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Ba ma saye a wajensu, ba ma karɓa. Wanda ya karɓa ya bar ƙofa a buɗe." Ya ɗaga murya a karon farko, ya ci gaba da karatu yana yayyafa ruwa. Ta yi kuka. Ban taɓa jin kuka irin wannan ba, ba ihu, ba birgima, kukan wanda aka ce ya tashi daga inda ya samu ɗumi. Har ta ce, "Zan tafi. Na rantse zan tafi, ba zan dawo da ƙafata ba."

Kan Auta ya faɗo baya a kan kafaɗata, bakinta daidai kunnena. Malam yana tsakiyar aya. A nan ta raɗa mini sunan. Ta ce, "Ba ciniki ba ne, matar jikana. Kyauta ce." Sai Auta ta yi atishawa mai ƙarfi, jikinta ya saki, ɗumi ya dawo mata.

Malam bai ji ba. Ya nemi almakashina ya yanke gida na biyun daga jikin kwalin, ya tafi da shi. A bakin ƙofa ya ce kada Auta ta sake taka wancan gidan, kuma duk abin da aka ji daga bakinsu a zubar, gaskiyarsu ɗaya ce cikin ƙarya da yawa.

Auta ta warke sarai. Ba ta tuna komai, ta ɗauka zazzaɓi ne ya kwantar da ita. Na faɗa mata abin da ya faru, ban da raɗar. Ta ce, "To, Umma," irin to ɗin da yaran yanzu suke yi wa iyaye. Jifa ya tsaya. Amma in almuru ya yi sai in kama kaina na tsayar da keke ina sauraron rufi, kuma Allah ya yafe mini, ba tsoro kaɗai nake ji ba. Ina tuna tsohuwar can ƙarƙashin katako. Ni ma watarana Auta za ta ɗauki jakarta.

Gida na farkon yana nan a bango, ba komai a ciki. Yanzu ta ji wai akwai wata tsohuwa a layin tsohon gidan da ta girmi Goggo, ta ce za ta je ta tambaye ta. "Ba zan shiga gidan ba, Umma, ta ƙofa kawai zan wuce." Na san 'yata. Na hana, na yi faɗa, na yi kuka, ta rungume ni ta ce sunan mace ɗaya kawai take nema, daga shi ta rufe maganar har abada.

Sunan kuwa yana bakina. Suna ne mai daɗi, irin na mutanen da, ba zan rubuta shi a nan ba. In na ba ta, ta cike gidan ta zauna, ba za ta sake zuwa kusa da rijiyar ba. Amma in na ba ta, mun karɓi kyautar ke nan, kuma ta cikin rijiyar cewa ta yi ba za ta dawo da ƙafarta ba, ba ta ce ba za ta shigo in an buɗe mata ba. Ban koma wajen Malam ba, don na san abin da zai ce: ki manta. To ta yaya ake manta abin da aka zuba wa mutum a kunne?

Gobe ce ranar hutunta. Yanzu haka ina jin ta a ɗaki tana guga, tana 'yar waƙarta. Don Allah, iyaye da 'yan'uwa, ku da kuka fi ni sani, ku faɗa mini kafin gari ya waye: in faɗa mata sunan, ko in yi shiru in bar ta ta tafi?