Yadda Aka Kai wa Jatau Labarin Gobara

A zamanin da, a wani ƙauye da sunansa ya kwanta mini, gobara ta cinye rumbun wani manomi mai suna Jatau, alhali yana cin kasuwa a ƙetaren kogi. Aka aiki maƙwabcinsa, wani masaƙi, ya gaya masa.

Masaƙin ya shiga jirgin fito yana tunani. Kogi ya cika, Jatau kuwa mutum ne mai saurin firgita. In ya ji an ce gobara, ba zai jira jirgi ba, ruwa zai faɗa.

Da Jatau ya gan shi, sai ya ce, "Maƙwabci, lafiya?"

Masaƙi ya ce, "Iyalinka lafiya lau. Autanka ma ya ce a sayo masa alewa."

"Tsohuwata fa?"

"Lafiya lau, tana ta faɗa kamar kullum."

Jatau ya yi dariya. Sannan masaƙi ya ce, "Rumbunka ne ya ƙone."

Jatau ya bi mutanen gidansa ɗaya bayan ɗaya a zuci, ya ga duk suna nan. Ya yi salati, ya ce, "To, mu sayi alewar, mu je mu jira jirgi."