Sirrin Manjan Maman Chinedum

Clara na zaune a tsakar gidansu a Kwoi, ita da mahaifiyarta Milka, suna tsaga citta don shanya. Hutun Kirsimeti ne na shekarar 1991, ta dawo daga Zariya inda take aji uku a jami'a tana karanta harkokin kasuwanci. Hannunta na aiki, bakinta kuwa ya fi hannun gudu, domin Clara dai idan ta fara ba da labarin lakca sai mai sauraro ya nemi ruwa.

Ƙarar babur ce ta katse ta. Chinedum ne, saurayinta, malamin sakandare a Kafanchan, ɗan marigayi ma'aikacin jirgin ƙasa. A kwatas ɗin ma'aikatan jirgi aka haife shi, Hausarsa ta fi ta Clara ma zaƙi. Watanni kaɗan da suka wuce danginsa suka zo ƙwanƙwasa ƙofa, wato neman aurenta, wurin mahaifinta Baba Kaleb, aka karɓe su da farin ciki. Amma yau ya gaida Milka da murya ƙasa-ƙasa, ya ƙi zama.

"Clara, zo mu yi magana."

Suka koma gindin mangwaro. Ya ce, "Wa kika faɗa wa inda Mama take sayo manja?"



Duk Kafanchan an san manjan Mama Uzoamaka, wadda kowa ke kira Maman Chinedum. Ja wur, ba ya wari, ba ya kama harshe. Shekara da shekaru 'yan kasuwa suna neman sanin inda take samo shi, ita kuwa sai ta yi dariya ta ce daga sama yake zubowa. Daga wani ƙauye ne can kudu maso gabas, inda wasu tsofaffin mata ke matse shi da hannu, jirgi ya kawo mata a durom. A wurin 'yar kasuwa, inda kike sayo kaya kamar cibiyarki ce, ba a buɗe wa kowa. Clara kaɗai Mama ta faɗa wa, ranar da aka dawo daga ƙwanƙwasa ƙofa, don ta riga ta ɗauke ta 'ya.

"A aji ne," in ji Clara. "Lakcara ya ce a kawo misalin kasuwancin da ya riƙe kwastomominsa da abin da wasu ba su da shi. Ni kuwa na ga babu misalin da ya kai na Mama. Yabon ta nake yi, Chinedum. Har tafi aka yi."

"Kin faɗi sunan ƙauyen?"

"An tambaye ni."

"Leonard yana ajin?"

Sai a nan ta tuna. Leonard ɗan Paulina ne, mai rumfar manja da ke kallon ta Mama. Ashe ya kwashe zancen tsaf ya kai wa uwarsa. Paulina ta tura mutum gabas, wasu ma suka bi sawunta, yanzu manjan nan yana rumfa huɗu a layi ɗaya.

"Mama ta ce a dakatar da maganar aure," in ji Chinedum. "Ni ban canja ba, Clara. Amma da wannan manjan ta biya mini makaranta bayan rasuwar Baba. Ba zan iya kai ki gidan da ita take kuka a ciki ba."

Washegari Clara ta hau motar Kafanchan. Ta tarar da Mama a rumfa, ta durƙusa har ƙasa. Mama ba ta ɗaga murya ba, kuma wannan ya fi zagi ciwo. Hausarta ta kasuwa ce, ba ruwanta da bambancin ke da kai.

"Kai yarinya, ni ban je makaranta ba. A makaranta naku, wanda ya faɗi abin da ya sani shi ne ake ba shi lamba ɗaya. A kasuwa namu, wanda ya faɗi abin da ya sani, yaran shi suna kwana da yunwa. Ban ce kai mugu ba. Amma bakinka ba shi da ƙofa, kuma gida na gidan 'yan kasuwa ne."

Clara ta so ta ce ai kowa na da 'yancin sayen manja inda ya ga dama, haka littafi ya ce. Allah ya taimake ta, ta haɗiye. Ta koma gida tana kuka, hawaye shaɓe-shaɓe har mutanen mota suna tambaya ko rasuwa aka yi.

Milka ta bar ta ta yi kukanta ya ishe ta, sannan ta ce, "'Yata, kin zubar, ba ya kwasuwa. Kada ki je kina ba ta haƙuri kullum, haƙurin baki shi ma surutu ne. Ki riƙa zuwa kina gaishe ta kamar da, ki bar sauran ga Ubangiji."

Haka aka yi. Kowane hutu Clara sai ta biya rumfar ta gaida Mama, ta share gaban shago, ta wanke kwalabe. Mama ta amsa gaisuwa, shi ke nan. Idan Clara ta iso ana maganar ciniki, sai a yi shiru har ta tafi. Wannan shirun ya fi komai cin ranta. Ita da Chinedum sai gaisuwa bayan sujada a majami'a, ya raka ta tasha, su rabu kowa da nauyi a zuciya. Ƙawayenta na Zariya suna ce mata, "Ke Clara, bi siriyos mana. Mai digiri kamarki za ki tsaya wanke wa wata kwalba? Samari sun ƙare ne?" Ta kan yi murmushi kawai. Sonsa take, kuma ta san ita ce da laifi.

Ana haka jirgin ƙasa ya fara gajiya. Wanda yake zuwa a kan lokaci ya koma sai an gan shi. Durom ɗin manja ya yi makonni a hanya, masu rumfa duka, har da Mama da Paulina, suna zaune suna kallon titin jirgi. Yajin aiki kuma ya rufe jami'o'i, Clara ta daɗe a gida tana taya Baba Kaleb ɗora buhunan citta a manyan motocin da ke kai ta kudu.

Wata rana ta ji wani direba yana ƙorafi cewa in ya sauke citta, wofi yake dawowa, man dawowa duk a kansa. Ta tambaye shi hanyar da yake bi. Da ya lissafa garuruwan, sai ta gane yana ratsawa kusa da ƙauyen matan nan masu matse manja. An koya musu a aji cewa motar da ta dawo wofi rabin tafiyarta asara ce, ga shi yau ta gan shi da idonta. Mai manja bai san direban citta ba, direban citta bai san mai manja ba, ita kaɗai ce ta tsaya a tsakaninsu.

Da aka koma makaranta aka shiga aikin furojet na shekarar ƙarshe. Malamin da ke duba ta ya ce yana son sabuwar dabara, wadda ba a taɓa gwadawa ba, mai irin wannan shi zai fita da sakamako mafi kyau. Dabarar tana kan harshen Clara kamar garwashi. Ta san in ta rubuta ta, za ta yi fice, amma furojet a laburare ake ajiye shi, kowa ya karanta. Ta yi kwanaki tana juya abin, sannan ta zaɓi wani batu na yau da kullum kan tallan sabulu. Malamin ya dube ta ya ce, "Clara, na zaci kin fi haka." Ta ce, "Sori sa." Ta fita da sakamako matsakaici, kuma ya yi mata ciwo, ba ƙarya.

Ranar da ta dawo, ba ta wuce Kwoi ba, rumfar Mama ta nufa. Durom biyu ne a ciki, duka wofi. Ta jira har mai sayen gishirin da ke wurin ta tafi, sannan ta durƙusa ta ce, "Mama, ina da magana, amma ta kunnenki ce kaɗai."

Ta yi bayani a hankali, ba Turanci, ba sunan littafi. Mama ta saurara har ƙarshe ba ta motsa ba.

"Tun yaushe ka san wannan?"

"Tun kakar citta da ta wuce."

"Wa ka faɗa wa?"

"Babu kowa."

"Malamin naku?"

"A'a, Mama."

"Chinedum fa?"

"Ko shi."

Mama ba ta yarda da magana haka kawai ba. Ta aika aka kira Chinedum daga makaranta, ya zo da alli a hannun riga. Ta ce masa, "Wane labari Clara ya ba ka a kan motan citta?"

Ya kalli uwarsa, ya kalli Clara. "Wace motar citta? Wani abu ya sami Baba Kaleb ne?"

Mama ta ga da gaske bai san komai ba. Sai ta sa gefen zane ta share ido, ta jawo kujerar da take zama a kai ta tura wa Clara, ita ta zauna a kan buhu.

"Chinedum, gobe ka je ka gaya wa kawunka a shirya, za mu koma Kwoi mu gama magana. Yanzu fita ka ba mu wuri. Ni da 'ya na muna maganan kasuwa."

Aka fitar da ɗan gida, aka bar Clara a ciki. Ta kifa kai a gwiwa ta fashe da kuka, Mama tana bubbuga bayanta tana cewa ya isa.

An ɗaura aurensu a majami'a kafin cittar shekarar ta gama bushewa, kuma manjan da aka yi miyar biki da shi a motar citta ya iso. 'Yan mata, ilimi abu ne mai kyau, a neme shi har inda ƙarfi ya ƙare. Amma wanda ya ba ki sirrinsa amana ya ba ki, kuma in kin ɓata ta, rantsuwa ba ta gyara ta, sai haƙuri da halin da mutum zai gani da idonsa.