Takardar da ke Ƙasan Adakar Gwaggo

"Badi'a, wai waken nan dafa shi za mu yi ko kallonsa?"

Inna Sauda ce ke magana daga bakin murhu. Badi'a kuwa tana durƙushe gaban faifai, tana juya waken ƙwaya-ƙwaya tana duba hudar ƙwari.

"Inna, minti biyu! Furojet ɗina ne fa. Me ya sa wanda aka adana da toka bai huje ba, na buhu kuwa ya zama gari?"

Haka take tun tana ƙarama. Duk Getso an san 'yar Malam Abdulmumini da tambaya, har kakarta kan ce da tambaya gona ce, da Badi'a ta fi sarkin noma hatsi. Tambayar ce ta kai ta jami'a a Kano karatun aikin gona, ita ce kuma ta zaunar da ita ajin Faransanci shekara guda cur. Yanzu ga sikolaship ya fito: wata tara a Yamai, binciken adana wake da ƙarin koyon harshen. Su biyu aka ɗauka a sashensu, ita da Hambali, ɗan gwaggonta Uwaliya ta Dugabau, wanda suka shekara uku suna son juna, dangi kowa ya sani.

Lokacin ba a daɗe da ƙaddamar da Shari'a a Kano ba, Malam kuma limamin unguwa ne. Bai hana ba, sai dai ya kafa sharaɗi.

"Ba za ki tsallaka iyaka babu muharrami ba. A ɗaura aure, ku tafi tare."

A wurin Badi'a ai faɗuwa ce ta zo daidai da zama. Tana cikin wannan murnar Hambali ya yi sallama da la'asar. Ta same shi a zaure, fuska ba annuri.

"Gwaggonki ta ƙi," in ji shi. "Ta ce in na taka Yamai, ba da yawunta ba. Auren ma ta ce ba za ta haɗa ni da mai yaren da ya raba ta da mijinta ba."

"Yaya Hambali, ranar Litinin fa za a rufe karɓar fom ɗin amincewa!"

"Na sani. Amma wallahi ba zan tsallake maganarta ba, Badi'a. Ita kaɗai ta raine ni."

Labarin ba ɓoyayye ba ne. Zamanin ostariti, lokacin tsuke bakin aljihu, masaƙar da Baffa Datti, mijin Gwaggo, ke aiki a Kano ta sallami ma'aikata, ya tafi Nijar fatauci, Hambali yana ɗan shekara shida. Shekara goma sha takwas ke nan, ko ƙeyarsa ba a sake gani ba. An yi cigiya har an gaji. Gwaggo ta ƙi zuwa gaban alƙali a raba auren, ta kuma ƙi a ambaci mutumin a gabanta.

Badi'a ta yi kuka har idonta ya kumbura. Amma mai hali ba ya fasa halinsa: tana share hawaye tambaya na cin ta. Baffa Datti ko gaisuwa bai iya da Faransanci ba. To ta ina yaren ya raba su?

Washegari da hantsi ta shiga mota ta bi ta Kabo zuwa Dugabau. Ta tarar da Gwaggo tana tankaɗe. Ta durƙusa har ƙasa.

"Gwaggo, ina kwana? An tashi lafiya? Ya ƙafar? Su Baba na gaishe ki."

"Lafiya lau. Ya Malam? Ya uwar taki? In maganar yaron nan ce ta kawo ki, koma."

Ɗan fari ne, Gwaggo ba ta taɓa kama sunansa ba.

"Ban zo musu ba, Gwaggo. In kin ce a'a, na haƙura. Abu ɗaya nake so in sani. Me Faransanci ya yi miki?"

Gwaggo ta dangwarar da rariya. "Me ya yi min? Tsaya ki gani, sarkin tambaya!"

Ta shiga ɗaki, aka ji ƙarar murfin adaka. Ta fito da wani tsohon ɗankwali, ta warware shi, sai ga takarda ta yi ja don tsufa, da ɗan hoton Baffa Datti a maƙale.

"Wata biyar da tafiyarsa ta iso ta gidan waya. Na kai wa hedimasta, ya ce wannan ba Turanci ba ne, Faransanci ne, daga Yamai. Namiji ya aiko miki da hotonsa da takarda mai hatimi, mene ne in ba saki ba? Ya sami wata a can! Na fizge abata na dawo. Muddin ba a karanta min ba, ni matarsa ce. Ko yaron nan bai san da ita ba."

Idon mai karatu ba ya neman izini. Kafin Gwaggo ta naɗe, Badi'a ta riga ta ga sunan asibiti a sama, ta ga layin farko.

Gwaggo ta ƙura mata ido. "Kin karanta."

Zuciya ta ce wa Badi'a: ce mata ba ki gane ba. In ta ji a Yamai ya mutu, cewa za ta yi garin ya cinye mata miji, ba za ta ba shi ɗa ba. Shi ke nan, ba aure, ba karatu. Amma ta dubi furfurar da ta leƙo ta ƙasan kallabin matar, tausayi ya kama ta.

"Gwaggo... ba saki ba ne. Daga asibiti take. Sai haƙuri, Allah ya yi wa Baffa rasuwa tun wancan lokacin. Zazzaɓi ne, kwana shida ya yi a kwance."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un!"

"Akwai rubutun hannu a ƙasa. Ma'aikaciyar jinyar ta ce ya roƙe ta a rubuta wa matarsa Uwaliya, a ce ta yafe masa, yana hanyar gida ciwon ya kama shi. Ya ce a sa yaron a makaranta. An yi masa salla, an binne shi a maƙabartar Musulmi."

Gwaggo ta zame ta zauna a cikin garin da take tankaɗewa. "Shekara goma sha takwas ina fushi da gawa! Ko Fatiha ban taɓa yi masa ba, Badi'a. Ko ƙosan sadaka!"

Suka rungume juna suna kuka har maƙwabta suka shigo. Badi'a ba ta tayar da zancen tafiya ba. Ta kwana biyu tana taya karɓar gaisuwa, ta riga ta cire rai.

Ranar Lahadi, bayan an yi addu'a mutane sun watse, Gwaggo ta kira Badi'a da Hambali. Ta damƙa wa Badi'a takardar da hannunta.

"Da akwai mai jin yaren nan a danginmu, da ban tsufa ina zargin bawan Allah ba. Na ga fuskarki rannan, kina iya ɓoye min, ba ki ɓoye ba. Ku kai fom ɗinku gobe. Kai kuma, in an ɗaura kun isa, ka nemo inda ubanka yake kwance. Ka tsaya a kansa ka gaya masa na sa ka a makaranta."

Ranar Juma'a aka ɗaura aure a Getso. Ku 'yan mata masu karatu, ku riƙe wannan: rashin sani ya fi dare duhu, gaskiya kuma ko ta yi ɗaci ba ta hana mai haƙuri rabonsa. Kwana uku da saukarsu Yamai, kafin Badi'a ta taɓa ƙwayar wake ko ɗaya, tana tsaye a ƙofar asibiti da takardar Gwaggo a hannu, tana yin abin da ta fi iyawa, wato tambaya.