Hannu a Baya

A falonsu na same su da hantsi, shi zaune ya sunkuya a kan tebur, ita tsaye a kansa ta harɗe hannuwanta a baya. A gabansa an ajiye hannun mutum, daga gwiwa zuwa yatsu, har da jijiyoyi. Sai da na matsa na taɓa na gane roba ce.

Ita jikata ce, nas, wadda a asibitinsu ake kira Hannun Sanyi, don idan ta yi wa yaro allura sai ta gama yake tambayar yaushe za a fara. Shi kuwa mijinta kafinta ne, mutumin kirki mai yawan barkwanci, kuma shi ya ƙera wa hannun robar akwatinsa, har da mariƙi.

"Na same ta?" ya tambaya, allura a hannunsa.

"Kada ka tambaye ni. Me yatsanka ya gaya maka?"

"Yatsana ya ce matata ta fi kyau idan ta ɗaure fuska."

"Malam, a aji muke fa."

"To, Malama, ya ce ga wani abu nan yana lotsawa yana dawowa."

"Ita ce. Kwantar da allurar, ba ƙusa za ka kafa ba."

Na zauna na ce a yi mini bayanin wannan shirme. Ta ce, "Kaka, kwas nake yi. Bayan digiri akwai wani karatun da ake yi wa nas da likita da ungozoma, masu son koyar da na baya a bakin gadon mara lafiya. Iya aiki daban, iya koyar da shi daban."

"Me za a koya miki da ba ki iya ba?"

"Ajiye hannu. Malamarmu ta ɗauke ni a bidiyo ina koyarwa, ta nuna mini. Wallahi, Kaka, kunya ta kama ni. Ɗaliba ba ta gama cire murfin allura ba na fizge na yi da kaina. Malamar ta ce, hannunki ya taimaki mutum ɗaya, ya hana yarinyar da za ta taimaki dubu. Tun daga nan a baya nake ɗaure su."

Ni ban taɓa zama a aji ba, kuma ba na yabon abu don an ce na boko ne. Amma na auna maganar, na ga tana da nauyi.

Ba a jima ba zazzaɓi ya kwantar da Hajiya, uwar Kafinta. Jiki ya bushe, aka ce sai an ƙara mata ruwa. Aka kuwa ba ta gado a ɗakin da jikata take gwajin koyarwa. Cikin ɗalibanta akwai wata siririya da 'yan ajinsu suka laƙa wa 'Yar Karkarwa, don a kan roba ta fi kowa, amma da ta ga fatar mutum sai hannu ya ɗauki rawa.

Hannun Sanyi ta durƙusa ta gaida surukarta, ta ce, "Hajiya, a aikinmu ba a son mutum ya yi wa nasa, zuciya tana shiga hannu. Kin yarda wannan ɗalibar tawa ta sa miki? Ina nan tsaye, ba inda za ni."

Hajiya ta dubi yarinyar, ta dubi bango. Ta ce, "Ba komai."

Duk wanda ya zauna da manya ya san "ba komai" iri biyu ce. Akwai wadda ake faɗa ana kallonka, akwai wadda ake faɗa ana kallon bango. Ranar nan hankalin jikata yana kan jijiya.

'Yar Karkarwa ta soka, ta kuskure. Bayan hannun Hajiya ya tashi, ya yi baƙi. Yarinyar ta ɗago ido cike da hawaye tana miƙa wa malamarta allurar. Kafinta, da ke tsaye a baya, shi ya gaya mini abin da ya gani: hannuwan matarsa a harɗe, farce ya nutse cikin tafi, amma ba ta sake su ba.

"Hajiya, ta sake gwadawa, ko in kira wata?"

"Ba komai na ce."

Sai ta sassauta murya ta ce wa ɗalibar, "Sabuwar allura. Ɗaya hannun. Bar kallona, ni ba jijiya ba ce. Me yatsanki ya gaya miki?"

A karo na biyu ta shiga. Ruwa ya fara sauka, Hajiya ta warke, aka sallame ta.

Tabon nan kuwa ya ga jama'a. Duk wanda ya zo dubiya sai an nuna masa kafin a amsa gaisuwarsa. "Matar da kowa ke yabon hannunta," in ji Hajiya, "ni ce ta ga ban isa ta taɓa ba. Ta tsaya a kaina hannu a baya kamar mai kallon gobarar wani. Hannun roba ta mai da ni." Ta kira ɗanta ta yanke masa magana: ko matar ta bar karatun nan da ya sa ta girman kai, ko ta bar gidansa. Kafin nan, kada a tako mata ƙofa da ita.

Kafinta ya sunkuyar da kai ya ce, "Hajiya, ba zan iya ɗaga miki murya ba, ba zan kuma iya sakin matar da ba ta nufe ki da sharri ba." Kowace safiya ya je ya gaishe ta, ta kau da kai. Sai ya ɗauko guduma ya gyara ƙofa, ya gyara ƙafar kujera, har abin da bai lalace ba ya gyara, don dai ya daɗe a gidan.

A lokacin jikata ta samu ciki, cikin fari. Ta rame, karatu ga aiki ga kuka. Wata rana ta bi shi shago, ta zauna kan wani benci da ba a gama ba, garin katako yana manne mata a riga.

"Zan ajiye kwas ɗin," ta ce. "Ba zan raba ka da mahaifiyarka ba."

Ya ajiye zarto. "Kin san katako nawa na ɓata wa maigidana? Yana tsaye yana kallo yana cizon leɓe. Da ya riƙa karɓe zarton, da yau shara nake yi masa."

"Katako ba uwa ba ce."

"Gaskiyarki. Shi ya sa za mu yi ta ba ta haƙuri har ta gaji da mu. Amma kwas, Malama, ba ki ajiye shi. Wa zai ƙarasa mini darasin allura?"

Ta yi dariya hawaye na zuba. Ya share mata da gefen rigarsa, ya bar mata garin katako a kumatu.

Da ta kawo mini ƙara ban lallashe ta ba, ba halina ba ne. Na ce, "Karatunki ba laifi ba ne. Laifinki ɗaya: kin tambayi bakinta, ba ki tambayi fuskarta ba. A kan wannan za ki ba da haƙuri, ba a kan wancan ba." Ta je, aka ce Hajiya tana barci. Ta koma, aka ce tana wanka. Haka ta yi ta zarya har ciki ya tsufa.

Da rana tsaka ta sauka, 'ya mace, lafiya lau. Aka dawo da ita ɗakin masu jego. Sai ga Hajiya ta shigo tana faɗin, "Jikata na zo gani, ba kowa ba." Ta ɗauki jaririyar ta koma lungu ta juya wa gadon baya.

Ni ce na lura leɓɓan jikata sun yi fari. Na leƙa ƙasan gado, na ga jini yana ɗiga daga gefen katifa. Na buga ƙarfen gadon na kira nas.

Na daɗe a duniya, na ga haihuwa ba iyaka, na ga waɗanda jini ya tafi da su ina riƙe da kansu. Ban taɓa ganin abin da na gani a ɗakin nan ba. 'Yan mata suka shigo da sauri, amma babu mai ihu, babu mai karo da wata. Ɗaya ta ja labule ta ɗora hannu a kan mara tana murzawa da ƙarfi. Ɗaya ta yi allura a cinya tana faɗin sunan maganin da babbar murya don kowa ya ji. Wata ta ɗaga waya ta kira likita, kalmomi kaɗan, ta ajiye. Kowace tana faɗin abin da take yi kafin ta yi, kamar masu karatu a gaban malami. Malamarsu kuwa, jikata, ga ta nan kwance, ido ya juye, hannuwan nan da ake yabo sun zube a gefenta ba su iya ɗaga ko tsinke.

"Jijiyoyin sun kwanta," in ji ɗaya. "Ban ga komai ba."

"Ba ni."

Siririyar nan ce. Ashe ta kammala, an ɗauke ta aiki a ɗakin. Ta durƙusa, ta riƙe hannun malamarta, ta rufe ido, ta ɗora yatsa ɗaya a kan fatar. Ina kusa, na ji abin da take gaya wa kanta a hankali: "Me yatsanki ya gaya miki?" Ta kwantar da allurar. Sau ɗaya. Ruwa ya kama gudu. Ta zagaya ɗaya hannun, shi ma sau ɗaya. Hatta yadda ta karkata kai, na jikata ne.

Likita ya iso yana haki, ya duba nan, ya duba can, ya ce a kawo jini a ƙara, sauran duk an riga an yi. A hankali ɗigar ta tsaya. Leɓɓan suka fara dawowa.

Hajiya tana lungu, jaririya a ƙirji, ta daɗe da juyowa. Ta raɗa mini, "Wannan ba ita ce ta ɓata mini hannu ba?"

Na ce, "Ita ce. A hannunki ta koya."

Ta ɗaga bayan hannunta tana kallo, inda tabon ya daɗe da ɓacewa. Hawaye ne kawai suka sauka kan zanen jaririyar.

Da yamma jikata ta buɗe ido. Kafinta yana durƙushe a gefen gado, ido jajir. Ta hango surukarta, ta ce da ƙyar, "Hajiya, ki yafe mini. Na ji bakinki, ban dubi fuskarki ba."

Hajiya ta matso, ta kama hannuwan nan biyu masu filasta, ta dube ta ido cikin ido.

"Ba komai," ta ce. "Waccan da komai a cikinta. Wannan babu." Ta juya ga ɗanta. "Kai kuma ka daina kakkafa mini ƙusa a kujeru, sun gaji. Yaushe ne jarrabawar tata? Ni zan riƙe yarinyar."

Ta ci jarrabawar. Yanzu Malama ake kiranta, kuma idan ɗalibai sun rasa wanda za su gwada awon jini a kansa, Hajiya ce ke naɗe hannun riga tana yi musu faɗa.

Ku 'yan mata masu karatu, ku riƙe wannan. Idan babba ya ce muku ba komai, ku dubi inda idonsa yake. Ku kuma iyaye, kada ku ga hannu a baya ku ce raini ne. Hannun da ya ƙi bari wani ya koya, ranar da ya kwanta aikin ya kwanta. Jikata ta ɗaure nata a baya tana kuka, mijinta ya tsaya mata, kuma ranar da ta buƙaci hannu, nata ta tarar a jikin 'ya'yan mutane.